Muryar Dillalin Yankara

Alhamis, 9 ga Satumba, da hantsi

Yau gem ɗinmu, wasan waya da muka haɗa, ya fito. Na rubuta wannan layin na zauna ina kallonsa kamar wata sabuwar shiga makaranta. Shekara biyu da wata uku, ni a kan kwamfuta, Yaya Gide a kan zane da murya, yau ga shi a kantin manhajojin waya da sunansa ɓaro-ɓaro: Kai Kaya Yankara. Ka loda masara a amalanke, ka kauce wa ramuka, ka isa kasuwa ka sayar, sannan ka taya sabon sa a hannun dillali. Dillalin nan Yaya Gide ne. In ka yi tayin rowa sai ya ce, "Albarka! Kai ko tsoron Allah babu?" In ka taya daidai ya ce, "Na sallama, Allah shi amfana." Sau talatin muka ɗauki wannan albarkar a ɗakin Inna, don zakaran maƙwabta ya rantse sai ya shiga ciki.

Kamfanin Legas da ya ɗauki nauyin fito da shi ya ba mu sati shida. In mutum dubu biyar suka sauke shi kafin 21 ga Oktoba, za su zuba masa talla. In bai kai ba, takardar da muka sa wa hannu ta ce suna da ikon su canza shi yadda suke so ko su cire shi daga kanti. Rahila, wadda ke kula da mu a kamfanin, 'yar wani ƙauye ce a wajen Kankara, aiki ya kai ta can. Ita ta tsegunta mini tun tuni cewa ogansu ba ya son muryar Hausar, wai tana rage kasuwa. To bari mu gani.

Yaya ya tafi Sabuwa jiya da takardun tallan da ya buga da kansa, tunda kamfani bai aiko da ko ƙyalle ba. Ya ce zai kwana wajen abokinsa. Ka ji mutum, ranar fitowar abinsa ita ya zaɓa ya yi nisa.

Alhamis, bayan la'asar

Sabis ya ɗauke. Lambar ƙarshe ta waɗanda suka sauke da na gani goma sha tara ce, kuma na san goma sha ɗaya daga cikinsu da sunayensu.

Juma'a, 10 ga Satumba, da safe

Ashe ba lalacewa ya yi ba. Rediyo ta ce da gangan gwamnati ta katse saboda 'yan bindiga, garinmu Faskari, Kankara, Sabuwa da wasu da dama, har sai abin da hali ya yi. Na tsaya a tsakar gida da waya a sama kamar zan roƙi ruwa. Inna ta ce, "Ma'u, sauke hannunki, kin ji an ce da gangan."

Yaya bai dawo ba. Ba abin mamaki ba ne, in ya samu masu saurarensa mantawa yake da hanya.

Asabar, 11 ga Satumba, da azahar

Inna ta ajiye masa tuwo, ta rufe da faifai.

Lahadi, 12 ga Satumba, da yamma

Kawu Abdulkarim, ƙanen Inna, ya kawo babur ɗin. A gefen hanya aka gan shi kafin a kai Sabuwa, a kwance cikin ciyawa, makulli a jiki. Takardun tallan na nan ɗaure a baya da igiyar roba, ruwa ya jiƙa rabinsu.

Ba zan rubuta abin da Kawu ya ce ba. Na kwance takardun, na shanya su a kan igiyar wanki ɗaya bayan ɗaya. Dillalin da ke jiki yana da haƙorin Makka, Yaya ne ya dage a kan haka.

Talata, 14 ga Satumba, da hantsi

Maza suna zama a zaure, su yi ƙasa da murya, su tashi. Mata suna shigowa wajen Inna su ce Allah ya bayyana. Ni kuwa lamba nake tunani. Ko ta kai ɗari? Ko wani a Kano ya sauke ya yi dariya? Ina jin kunyar wannan tunanin ƙwarai, amma in na sake shi sai wani ya zo ya zauna a gurbinsa, kuma wancan ba na iya ɗaukarsa.

Wayata shiru. Ta kowa ma shiru ce, don haka ba ya nufin komai.

Alhamis, 16 ga Satumba, da azahar

An hana masu cajin waya na bakin titi aiki. Sai ga gidanmu ya yi farin jini, saboda solar da muka haɗa don kwamfuta. Tun safe mata ke sallama da wayoyin mazansu a ɗaure a gefen zani. Na ce mene ne amfanin caji ba sabis? Safara'u, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, ta ce, "Ke dai sa mani. Mutum in ya ga tana haske sai ya ji kamar da sauran duniya."

Na jera su a kan tabarma. Gida cike da mutane, ni kuma ban taɓa jin kaɗaici irin na yau ba. Duk garin nan mutum ɗaya ne in na ce masa amalanke tana maƙalewa a mataki na bakwai zai gane abin da nake nufi.

Litinin, 20 ga Satumba, da yamma

Na je Zariya neman sabis. Kawu bai so ba, amma da na ce kira zai iya shigowa a can sai ya raka ni tasha. Mun wuce Funtuwa wayoyin mota duk matattu. Can gaba sai suka farka lokaci guda, kowa ya sunkuya. Saƙo hamsin da biyu ya shigo mini. Na duba su sau biyu. Babu baƙuwar lamba ko ɗaya.

Na zauna a gindin wata bishiya kusa da gidan mai na kira Rahila. Ta fara da jaje, ta ji labari wajen 'yan'uwanta. Na ce mu yi maganar gem, mutum nawa suka sauke.

"Arba'in da ɗaya, 'yar'uwa."

Na ce ta maimaita. Ta maimaita.

Ta ce kada in ɗauka gem ɗin ne ba shi da kyau. "Bari in gaya maki yadda abin nan yake. Gem goma sha biyu muke fiddawa a shekara, biyu ake ma talla. Satin da naku ya fito, satin aka saki na tseren mota, duk kuɗin talla can ya tafi, har masu bidiyo aka biya suna bugawa. Naku an dai aje shi kan kanta cikin dubbai. Wa zai gan shi? Kanti kuma wanda ake saukewa shi yake turawa gaba, wanda ba a saukewa ya ƙara nutsewa."

Na ce to ai kamar a ce sai yaro ya yi ƙiba sannan a ba shi abinci. Ta yi 'yar dariya ta ce haka ɗin ne. Na duba shafinmu, sai na ga rubutun da ke kan hotunan duk Turanci ne, kuma sun jefa shi cikin rukunin wasannin ƙananan yara. Wani ne a ofis ya cika fom ɗin cikin minti biyar, bai taɓa buɗe gem ɗin ba. Ta ce za ta sa a gyara. Ta ce ni kuma in riƙa sakin gajeren bidiyo kullum, in amsa wa masu sharhi.

Na ce, "Da wane sabis, Rahila?"

Muka yi sallama.

Na ci gaba da zama a gindin bishiyar har direba ya fara faɗa. Ba don gem ba.

Laraba, 22 ga Satumba, da safe

Arba'in da ɗaya.

Asabar, 25 ga Satumba, da hantsi

Ina tankaɗe a tsakar gida sai na ji daga bayan katanga, ƙarara, "Albarka! Kai ko tsoron Allah babu?"

Rariyar ta faɗi. Ban san lokacin da na fita ba, ba mayafi, ba takalmi. Na tarar da Safara'u zaune a kan turmi, waya a hannu, tana ta kokawa da amalanke. Na tsaya ina haki. Da ta gane abin da na zata sai ta kife wayar a cinya ta ce, "Wayyo Asma'u, yi haƙuri, ban yi tunani ba."

Da numfashina ya dawo na tambaye ta inda ta samu, tunda ba sabis. Ta ce maigidanta ne ya sawo a Yankara wajen Malam Yahya mai tura waƙoƙi da finafinai a waya. "Kowa na da shi ai. Tunda aka ɗauke sabis mi za a yi da waya? Maigidan nan har tuwo ya huce shina cinikin sa."

Na koma gida na duba wayoyin da ke kan tabarma. Ashirin da uku ne. Goma sha huɗu suna da shi.

Litinin, 27 ga Satumba, bayan azahar

Na je Yankara. Kasuwar ta rame, rumfuna da yawa a rufe. Malam Yahya ya koma aiki a zauren gidansa da ƙaramar kwamfutarsa. Yana ganina ya miƙe, ya yi mini jaje, idonsa ya kawo ruwa. Ni kuwa da faɗa na zo, kuma na yi shi. Na ce wa ya ba shi izini?

Ya ce, "Malama, shi ya kawo mani da hannunshi, sati guda kafin ya fito. Na ce mashi, Gide, wanga ba na sayarwa ba ne? Ya ce, Malam, in an yi sabuwar masara ba a fara aika ma maƙwabta ba kafin a kai kasuwa? Ya ce a ɗanɗana. Ni ko kwabo ban amsa a kanshi."

Na tambaye shi mutum nawa ya tura wa. Ya ɗaga hannu. "Wa ya ƙirga? Ya fi dubu. Su ma suna tura ma juna. Direbobin Kankara sun tafi da shi, 'yan Mabai sun zo sun amsa, har Sabuwa ya kai."

A mota na yi ta cizon leɓe. Yaya, kai wane irin mutum ne? Gem masara ce? Sau nawa na karanta maka takardar nan, layi-layi, kana gyaɗa kai kana zana haƙorin dillali? Waɗanda za su sauke shi su cika mana lamba su ne ka bi ka raba wa a hannu, inda ba wanda zai ƙirga. Da kana nan da yau ka ji abin da ba ka taɓa ji ba daga bakina.

Da kana nan.

Laraba, 29 ga Satumba, da hantsi

Na samo dabara. Duk wayar da aka kawo caji, in tana da gem ɗin, sai in rubuta sunan mai ita da garinsu a littafi. Na aika wa Malam Yahya wani littafin shi ma. In kamfani lamba yake so, ga lamba, har da sunan uba. Mata sun ɗauka rabon tallafi za a yi, wata ta ce in sa har ƙishin ruwan da take ji. Na yi dariya karo na farko cikin sati uku, sai kuma na ji ba daɗi.

Juma'a, 1 ga Oktoba, bayan la'asar

Inna ta kira ni ɗaki ta ce, "Sa mani shi."

Na ce me? Ta nuna wayata da haɓa. Ita da ba ta taɓa kallon abin da muke yi ba, kullum cewa take mun girma muna wasan yara. Na kai ta har wajen dillali na nuna mata inda ake danna tayi. Ta danna mafi ƙanƙanta. Ya ce albarka. Ta sake danna shi. Ya ce, "Haba, ko akuya ba ta zo nan ba." Ta sake.

Na ce, "Inna, in kika ƙara kaɗan zai sallama."

Ta ce, "In ya sallama ai ya gama magana."

Na bar mata wayar na fita na zauna a bakin rijiya.

Litinin, 4 ga Oktoba, da yamma

Zariya kuma. Babu baƙuwar lamba.

Na ɗauki hoton shafukan, suna ɗari takwas da sittin tsakanin littafina da na Malam Yahya, na tura wa Rahila ina jin kaina kamar wadda ta ci jarrabawa. A kanti lamba ta kai sittin da bakwai. Ta gyara rukunin, amma an riga an binne mu.

Bayan awa ɗaya ta kira, muryarta a ƙasa, daga ji ta fita waje ne. "Asma'u, mi ya sa ba ki tambaye ni ba kafin ki turo? Akwatin saƙon nan ba ni kaɗai ke gani ba. Oga ya gani."

Na ce ai so nake ya gani. Mutane na son gem ɗin, ga shaida.

"Shi ba haka ya karanta ba. Abin da ya gani shi ne kun raba kayan kamfani a bayan fage, kun saɓa yarjejeniya. Wanda ya amsa hannu da hannu ba ya cikin lissafinsu, ko su miliyan ne. Ba su sayi komai ciki ba, ba su ga talla ba."

Na ce da wane sabis za su saya? Na lura wannan tambayar ita kaɗai nake da ita a duniya yanzu.

Ta ce akwai abu ɗaya mai kyau, in za a kira shi mai kyau. Sunayen sun nuna wa oga cewa wasan yana kama mutane. Don haka yana so ya sake fito da shi da gaske, da talla, da masu bidiyo, irin gatan da aka yi wa na mota. Amma da sharaɗi. A cire Yankara a sa kasuwa marar suna. A cire muryar Hausa, su ɗauko ɗan wasan barkwanci ya yi da Turanci. A kuma sa makulli, yadda duk ranar da sabis ya dawo, kwafin da ke hannun mutane zai daina buɗewa. In na yarda, in sa hannu in tura musu ainihin fayilolin kafin 21 ga wata. In ban yi ba, su cire shi daga kanti, kuma ba ni da ikon kai shi wani wuri sai bayan shekara uku.

Na ce, "Kin san muryar wa ce."

Ta ce, "Na sani. Ni ma in na buga, gida nake ji. Amma ni ma'aikaciya ce, 'yar'uwa. Na ga masu kyau sun mutu a kantin nan don ba a tsaya masu ba, na ga na banza sun yi kasuwa don an tsaya masu. Ba kowa ake ma wanga tayi ba."

Alhamis, 7 ga Oktoba, da safe

Wata guda cif. An fara karyar masara. Gonarmu ta bakin hanya Kawu ya ce a bar ta bana.

Asabar, 9 ga Oktoba, da azahar

Na gwada. Na buɗe kwamfuta na kashe fayilolin murya don in ga yadda zai kasance. Amalanke ta tafi lafiya, shanu sun yi kukansu, na isa kasuwa. Dillali ya buɗe baki, haƙorin ya yi ƙyalli, ya rufe. Na taya, ya girgiza kai, baki na motsi ba sauti. Na kalle shi har allon ya mutu.

Ban mayar ba tukuna. Ina so in ga ko zan saba.

Talata, 12 ga Oktoba, da hantsi

Gaskiya ita ce ina so in sa hannu. Bari in rubuta a nan tunda ba wanda zan gaya wa. Shekara biyu na yi ina koyon abin nan daga bidiyo da datar da nake saye da albashin koyarwa, ana yi mini dariya a ɗakin malamai. Ina so in ga sunana a wurin da ba Faskari ba. Ina so wata yarinya a wani gari ta buɗe ta ga Asma'u ce ta gina. Kuma na san shi, da yana nan cewa zai yi, "Sa hannu mana, murya ai tana nan a maƙogwarona, ma yi wani."

To ka zo ka faɗa da bakinka.

Juma'a, 15 ga Oktoba, da safe

Na haɗa fayilolin a wuri ɗaya. Na goge takalmin tafiya Zariya.

Lahadi, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

Dole in rubuta wannan tun kalmomin ba su canza ba.

Safara'u ta shigo da baƙuwa, Yaya Ramatu, 'yar ƙanen babanta daga wani ƙauye a ƙasar Sabuwa. Kwana tara ke nan da fitowarta daga daji, daga hannun masu garkuwa da mutane, bayan danginta sun yi abin da ake yi. Sun kawo ta nan ta huta. Ta rame, ƙafafunta duk tabo, ba ta magana sai an tambaye ta. Ta zauna a gefen tabarmar caji tana kallon ƙasa.

Wata mata ta karɓi wayarta, don ta gwada ko ta cika sai ta buɗe gem. Ya ce, "Haba, ko akuya ba ta zo nan ba."

Yaya Ramatu ta ɗago kai. Ta ce, "Sake."

Aka sake.

Ta ce, "Wanga ai Dogo ne."

Inna ta fito bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

Ta ce ba su san sunansa ba, Dogo suke ce masa. Yana ɓangaren maza, amma ana jiyo shi. In an kawo masu ruwa a gwangwani ɗaya sai ya ɗaga shi ya fara ciniki, wa zai taya, wa zai taya, in wani ya ce naira biyar sai ya ce albarka, kai ko tsoron Allah babu. "Har masu tsaron wani lokaci sai sun yi dariya. Wallahi akwai ranar da ba don shi ba da na mutu da baƙin ciki."

Inna ta ce, "Shina da rai?" Muryarta ba ta yi kama da tata ba.

"Ranar da na fito shina da rai, Hajiya. Ƙafarshi ta hagu ta kumbura, amma shina takawa. Sun amshi lamba gare shi tun farko, sun yi ta kira ba ta shiga. An ce za a raba su a kai wasu wani wuri. Ban san ko da shi ba."

Sai ta dube ni ta ce, "Ke ce ƙanwar? Ya ce shina da ƙanwa da ta gina kasuwa cikin waya. Mun ɗauka zazzaɓi ne."

Na shiga ɗaki na yi kukan da na hana kaina tun ranar babur.

Litinin, 18 ga Oktoba, da safe

Na mayar da muryar.

Kawu ya tafi da abin da Yaya Ramatu ta faɗa wajen waɗanda suka san yadda ake aika saƙo daji ba waya.

Laraba, 20 ga Oktoba, da azahar

Kwana arba'in muna tambaya. Mun ba da hotonsa, mun faɗi sunansa na gaskiya da na uba. Ba wanda ya san shi da suna a can, kuma hoton na mutum ne mai kumatu da sabon aski. Abin da bai canza ba shi aka gane.

Mutane suna fitowa daga dajin ɗai-ɗai, su koma Mabai, su koma Kankara, su koma ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Ba za su zo Faskari su same ni ba. Amma kowannensu yana da ɗan'uwa mai waya.

Gobe ne. Direba ya aiko a tambaya ko a ajiye mini kujerar gaba zuwa Zariya. Takalmin na nan a goge.

Alhamis, 21 ga Oktoba, bayan la'asar

Ban je ba. Na ba direba takarda ya ɗauki hotonta ya tura wa Rahila in ya shiga sabis. Layi uku ce: na gode mata, ban sa hannu ba, kada ta ji komai. Ban san a nawa lambar ta tsaya ba, kuma zuwa gobe ko shafin babu. Abin ya yi mini ciwo, ba zan yi ƙarya ba. Na zauna da safe na kalli fayilolin nan, na yi wa shekara biyu da wata uku bankwana, sannan na fito tsakar gida.

Duk wayar da aka kawo caji yau, in ba ta da shi, da hannuna na tura mata. Goma sha ɗaya. Na aika wa Malam Yahya cewa ya ci gaba, ya ba direbobi, ya ba masu zuwa ƙauye, kuma ya gaya wa kowa duk wanda ya gane muryar dillalin ya nemi gidanmu, gidan Malam Abdulganiyu, a Faskari.

Ta ƙarshe wata tsohuwa ce daga wajen Yankara, da wayar ɗanta mai fasasshen gilashi. Da na miƙa mata ta juya ta a hannu ta ce, "Ɗiyata, ni ban iya wasa ba. Mi zan yi da shi?"

Na ce, "Ba sai kin iya ba, Hajiya. Ki ba duk wanda ya iya, ki ce ya buga a waje, cikin mutane, ya ƙure ƙarar."